Ya Faɗa

A maɗaba'ar da yake aiki ba mai kiransa da komai sai Mai Jan Biro, kuma sunan bai zalunce shi ba. Shekara goma sha bakwai yana zaune a lungun nan, tsakanin injin yanka takarda da taga mai tsagaggen gilashi, yana farautar kurakuran bayin Allah. Ka rubuta ƙafa ka manta lanƙwasar ƙ, tun daga bakin ƙofa zai hango, ya ce maka, "Malam, me za ka kafa?" Ya taɓa sa an sake buga kalanda dubu biyu saboda waƙafi ɗaya tal, mai gidan ya yi sati ba ya amsa gaisuwarsa.

Littafi ɗaya ya taɓa rubutawa a rayuwarsa, shekara tara da suka wuce, labarin wani yaro ɗan shekara sha shida da ake ce wa Shiru-shiru, wanda ya mutu a kogi. Littafin ya fi mai shi farin jini, har aka sa shi cikin waɗanda 'yan sakandare ke karantawa. Duk shekara sai an tambayi yara a jarrabawa wa ke da alhakin mutuwar Shiru-shiru, duk shekara kuma su amsa yadda aka ɗura musu: uba mai saurin hannu, malamai marasa lura, al'umma. Shi kansa an sha gayyatarsa makarantu, ya tsaya gaban allo ya ce, "Mu duka muka kashe shi," a yi ta tafa masa. Daɗin "mu duka" ke nan, mutum ya shige cikin taro ba mai nuna shi da yatsa.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, Shiru-shiru ƙanensa ne, Auta. Kuma ranar da Auta ya rasu sun haɗu a kan gada, yaron ya yi masa magana. Mahaifiyarsu Inna abin da ta sani kawai, santsi ne ya kwashi ɗanta. Shi ya gaya mata haka da bakinsa, yau shekara ashirin da uku, kuma a kan maganar nan take kwana take tashi.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe uku, yana cikin duba wani littafin lissafi na 'yan aji huɗu, sai ga 'yar ƙanwarsa ta faɗo maɗaba'ar da kayan makaranta, ko sallama ba ta ƙarasa ba. A gidansa take zaune tun da cutar yanar ido ta rufe wa Inna gani, ita ke ɗiga mata magani, ita ke karanta mata saƙon waya. Lauya yake ce mata, don yarinyar nan da kujera ma sai ta yi gardama.

"Kawu, ka ga abin da Malama ta yi min!" Ta dangwara masa takarda a kan littafin lissafin. "Huɗu cikin ashirin. Huɗu fa!"

Ya gyara tabarau. "Ai ta yi miki adalci. Dubi yadda kika rubuta 'mutuwa', sai ka ce kaza ta bi ta kan tawada."

"Kawu, don Allah ka bar wasa. Littafinka ne fa."

Sai a lokacin ya ga tambayar da ke saman takardar, da jan rubutun Malama a ƙasa: Ba ki fahimci labarin ba. Lauya ta ja kujerar mai yankan takarda ta zauna, ta zaro littafin daga jaka. Duk ya sha lanƙwasa, gefen shafukan cike da rubutun fensir. Ta buɗe ƙarshen babi na sha tara, ta ɗora yatsa.

"Ga shi nan. 'Ranar kogin ya cika ya batse. A kan gada, da la'asar, Shiru-shiru ya faɗa.' Shi ke nan, babi ya ƙare. Kowa a ajinmu ja yake yi, faaɗa, wai ya auka ruwa. Ni na ce ba haka ba ne. Faɗa ne, gajere, na magana. Ya buɗe baki ya faɗa. A rubuce duk ɗaya ne, sai an furta ake bambancewa."

Injin buga takarda na ta ƙara a ɗakin baya. Mai Jan Biro ya ɗauki bironsa ya mayar ya ajiye.

"Ke kuma daga ina kika samo wannan?"

"Daga littafin mana, ina zan samo? Duba babi na ashirin. Matar nan mai sayar da lemo ta ce ta ga yaron zaune a kan gada dab da faɗuwar rana. To in ya auka ruwa da la'asar, wa ta gani, fatalwa? Malama ta ce wai kuskuren marubuci ne. Na ce mata Malama, kawuna ne, a takardar cefane ma ba ya kuskure. Aka yi ta min dariya." Ta juya shafuka da sauri. "Sannan tun daga babi na ɗaya, kowa abu ɗaya yake ce masa. Uwarsa, malamin ajinsu, har mai gadi: faɗi abin da ke damunka. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Bai taɓa faɗa ba, shi ya sa ma ake ce masa Shiru-shiru. To littafin gaba ɗaya jira yake yaron nan ya yi magana. Ni a ganina a nan ya yi ta. Abin da na rubuta ke nan, na ce tambayar ba wa ya kashe shi ba ce, tambayar ita ce wa ya faɗa wa."

"To wa ya faɗa wa, Lauya?"

"Yayansa. A babi na sha takwas an ce ya ɗauki keke zai je filin ƙwallo, kuma filin yana ƙetaren gada. Daga nan ba a ƙara ambatonsa ba sai wajen zaman makoki, inda aka ce kowa ya shiga wurin uwar ban da shi. Kawu, mutumin da ke cikin kowane babi, me ya ɓatar da shi a wannan kaɗai?"

Kai, yarinyar nan! Shekara tara malamai masu digiri suna rubuta sharhi a kan littafin, wani har ya ce kogin yana nufin zamani, wani ya ce gadar ita ce balaga, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda keken ya bi. Shi kuwa ba zai ce bai sani ba. Sau uku ya duba littafin da hannunsa kafin a buga, sau uku bironsa ya tsaya a kan kalmar, ya san tana da fuska biyu, kuma da kalmar wani ce da ya zagaye ta ya rubuta a gefe: wanne kake nufi? Tasa ce, sai ya kau da kai. Ya rubuta gaskiya a inda ya tabbata ba mai jin ta, ya ci gaba da karɓar tafi.

"Marubuci ba ya fassara littafinsa," ya ce, yana tattara takardu marasa buƙatar tattarawa. "Kowa da fahimtarsa."

"Ai ba fassara na zo nema ba. Inna ce ta aiko ni."

Ya daina tattara takardun.

Ashe sati uku ke nan Lauya na karanta wa Inna littafin kullum bayan an taso daga makaranta, don ita in ba a bayyane ta karanta abu ba, ba ya zama mata. Shi bai sani ba, yana nan yana gyara wa mutane waƙafi. Inna da can ba ta taɓa neman a karanta mata ba, ta ɗauka irin labaran yaran makaranta ne. Tun a babi na biyu, inda aka ce yaron ya fi son cin abinci a tsaye a bayan ƙofa, ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Wannan Autana ne." Ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai kullum ita ke tuna wa yarinyar lokaci ya yi.

"Jiya muka zo shafin nan," in ji Lauya. "Na ba ta labarin gardamarmu da Malama. Sai ta ce in rufe littafin. Ta ce mai shi yana raye, ya zo ya karanta mata da bakinsa."

Ya nemi izini ya tashi da wuri, abin da bai taɓa yi ba, har mai gidan ya leƙo yana tambaya ko lafiya. A cikin bas Lauya na ta zuba, wai in ya tabbatar mata za ta kai shi gaban Malama da kanta. Shi kuwa yana kallon taga yana gwada kalmar a ransa. Faaɗa. Me ke cikin wannan? Numfashi ne kawai za a ɗan ja, ko daƙiƙa ɗaya bai kai ba. Lauya ta zauna da huɗunta, wata jarrabawar ta gyara. Inna ta ci gaba da zama da santsinta. Tsohuwa ce, ga hawan jini, ga ido babu, a kan me zai tono mata abin da ta binne? Tausayinta yake ji, in ji shi. Kayya, tausayin kansa dai. Ya san da haka tun kafin bas ɗin ta kai kwanarsu, kuma duk da ya sani, da ya taka matakalar benensu a kan ƙarya ya tsai da shawara.

Ɗakin Inna yana nan yadda yake kullum: gado a jikin bango, fanka mai ƙara in ta juyo hagu, kwalaben magani jere a kan taga bisa tsawonsu don ta gane su da hannu. Tana zaune a bakin gado ta miƙe ƙafafu. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Babba, yau da rana tsaka? Ko sun kore ka ne?"

"Ba su kore ni ba, Inna. An ce kina nemana."

"Ina nemanka. Shekara tara ka yi littafi, duniya ta ji, ni da na haifi mai labarin sai a bakin wannan mai bakin tsiyar na ji."

"Ni ce mai bakin tsiya, Inna? To gobe ki nemi mai ɗiga miki magani," in ji Lauya, tana miƙa wa kawun littafin a buɗe.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon, ya fara daga saman shafin. Yaron ya fito daga gida bai ci komai ba. Ya bi ta bayan makarantarsu da aka kore shi wata biyu da suka wuce. Ya tsaya ya kalli masu gyaran taya. Mai Jan Biro yana karantawa a hankali, muryarsa daidai, kamar mai karanta labarai a rediyo, yana jin layin ƙarshe na matsowa. Inna ta karkato da kunnenta na dama, wanda ya fi ji, hannunta ɗaya a kan kafaɗarsa. Tun yana yaro haka take yi in yana mata karatu, wai ta jiki take gane in ya tsallake layi.

"Ranar kogin ya cika ya batse," ya karanta. "A kan gada, da la'asar, Shiru-shiru..."

Ya ja numfashin da zai ja kalmar da shi. Hannun Inna na nan a kafaɗarsa, mara nauyi, duk ƙashi. A takarda ya iya ɓuya shekara tara, amma a baki dole mutum ya zaɓi ɗaya, kuma da ya zo zaɓen sai ya ga ba zai iya sake yi wa matar nan ƙarya tana riƙe da shi ba.

"...ya faɗa."

Gajere ya fito. Lauya ta buɗe baki za ta yi ihun nasara, sai ta ga fuskar kawunta, ta haɗiye.

"Wa ya faɗa wa?" in ji Inna.

"Ni."

"Me ya ce?"

Ya rufe littafin, don wannan ba ya ciki. Ya ce yana kan keke zai je ƙwallo, abokai na jiransa, ya tarar da Auta zaune a kan dakalin gada. Yaron sanye yake da rigar shi Babba, shuɗiyar nan mai ratsi da Babban ya saya da albashinsa na farko, ya ɗauka ba tare da ya tambaya ba. Ya tsaya don ya yi masa masifar rigar. Kafin ya fara sai Auta ya ɗago kai, yaron da sai a yi kwana uku ba a ji muryarsa ba, ya ce, "Yaya, in na tafi kowa zai huta, ko?"

Inna ba ta motsa ba. "Kai kuma ka ce me?"

Nan fa hawaye suka ƙwace masa. Mutum mai shekara arba'in da uku, da furfura a gemu, yana shessheka kamar ɗan firamare.

"Na ce, in za ka tafi ka cire min rigata tukuna. Na yi dariya, Inna. Na kaɗa ƙararrawar keke na wuce. Wallahi na ɗauka irin rigimarsa ce. Da aka tashi ƙwallo na biyo ta gadar, ba ya nan. Sai rigar, a ninke a kan dakali, ya ɗora mata dutse kada iska ta ɗauke." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na ɗauke ta kafin mutane su taru. Ban ga lokacin ba, ba wanda ya gani, Allah kaɗai ya san yadda aka yi a ƙarshe. Amma ya faɗa min, ni kuma abin da na ce masa ke nan. Na zo na ce miki santsi ne."

Lauya ta fashe da kuka. "Kawu, ni fa maki kawai nake nema. Wallahi ban san..."

"Je ki ɗora ruwan shayi," in ji Inna, ba tare da ta juya ba. Yarinyar ta fita da gudu.

Fanka ta juyo hagu ta yi ƙararta, ta koma. Inna ta janye hannunta daga kafaɗarsa ta ɗora a cinya. Wannan janyewar ta fi masa mari ciwo.

"Da aka tsamo shi, babanku ya ce min ba riga a jikinsa," ta ce a hankali. "Yaron da ko zafi ake kamar wuta ba ya zama a ɗaki ba riga, don kunyar ƙashin haƙarƙarinsa. Na ce ruwa ne ya tuɓe masa. Duk sanda abin ya taso min sai in ce ruwa ne, ai Babba ya ce santsi ne, Babba ba ya ƙarya. Ni na yi ta binsa ina cewa faɗa min, faɗa min, har na gaji na daina. Na zaci ya tafi bai gaya wa kowa ba. Shi ya fi cina, a ce ɗana ya rasa mutum ɗaya a duniya da zai buɗe wa baki. Ashe ya samu."

Da ta zage shi, da ta ɗaga murya, da ya san inda zai sa kansa.

"Ina rigar?"

"Tana ƙasan akwatina."

"Ka wanke ta?"

"Ko buɗe ta ban taɓa yi ba."

"Ɗauko min."

Ya je ɗakinsa, ya janyo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya kwashe takardun makaranta da tsofaffin hotuna, ya zaro ledar. Ya wuce Lauya a bakin kicin tana tsaye da butar shayi ba ta ko kunna wuta ba. Ya durƙusa ya ɗora wa Inna rigar a cinya. Shuɗin ya koɗe a bakin ninkin, sauran yana nan kamar jiya aka saya.

Ta bi ta da yatsu, daga wuya zuwa gefe, ta lalubo inda aka tura hannuwan ciki aka kwantar da su ɗaya bisa ɗaya, ta ƙirga maɓallan, duk an maƙala su har na sama.

"Yadda na koya masa," ta ce. "Ku duka na koya wa, shi kaɗai ya iya."

"Inna, ki yafe min."

Ta shafa wuyan rigar da babban yatsa.

"Zan yafe, Babba. Ni na haife ka, ina zan kai ka? Amma ba yau ba. Yau ka bar ni da ɗana."

Ya miƙe, ya fita ya ja mata ƙofar.